Ɗan aiken da ba ya tambaya

A birorin ƙasar nan, tun daga Yamai har Damagaram, ba a rasa ma'aikacin da kowace ranar Allah yake maimaita aiki guda a gaban kwamfuta: ya buɗe dosiye, ya kwafe takardun jiya, ya sake musu suna, ya jera su wani wuri. Irin wannan wahala ce shel ke ɗauke wa ɗan Adam.

Ma'anar shel da Ingilishi ita ce ɓawo, domin ya lulluɓe ƙwayar tsarin na'urar kamar yadda ɓawo ke lulluɓe gujiya. Mutum ba ya magana da ƙwayar kai tsaye. Yakan rubuta umurninsa a baƙin allo, shel ya kai saƙon. Irin shel ɗin da muke magana a kai daga Unix ya fito, tsarin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta Amurka cikin 1969. Shel ɗin Stephen Bourne ya fito a 1979, Brian Fox kuma ya fitar da Bash a 1989, wanda shi aka fi tararwa a Linux. Mai Windows yana samunsa ta WSL, mai wayar Android kuwa ta Termux.

Kalmomin farko ba su da yawa. ls na nuna abin da ke cikin dosiye, cd na shiga wani, cp na kwafa, mv na ƙaurar da fishiye ko sake masa suna, grep kuma na tsamo duk layin da ke ɗauke da kalmar da aka nema. Gwanintar tana wajen haɗa su. Akwai wata sanda tsaye, |, mai miƙa abin da umurnin farko ya fitar ga na biyu, tamkar yadda lebura ke miƙa wa ɗan'uwansa buhu a wurin lodi. Alal misali, ɗan kasuwar Maraɗi da ke ajiye kowane ciniki a layi guda cikin ciniki.txt, in ya rubuta

grep Tawa ciniki.txt | wc -l

nan take za a ƙirga masa layuka nawa na cinikinsa ne ke ɗauke da sunan Tawa, ba sai kontabul ya bi shafi-shafi ba. (A nan ana bambanta babban baƙi da ƙarami: Tawa gari, daban take da tawa ta mallaka.) In ya tara irin waɗannan umurni a fishiye guda, ya sa #!/bin/sh a layin farko, ya ba shi izinin aiki da chmod +x, to ya gama rubuta shirinsa na farko, cron kuma na iya tada shi kowane dare bayan an rufe shago.

Sai dai wannan ɗan aike abin da aka rubuta yake yi, ba abin da aka nufa ba, kuma nan ne masu koyarwa suka cika yin gaggawa. Umurnin rm yana sharewa ba tare da ya ce uffan ba, ba ya kuma ajiye komai a kwandon shara. Fishiye mai suna albashi Janairu, in ba a kewaye sunan da alamun zance ba, sunaye biyu shel zai ɗauke shi. Ƙwararru ma sun faɗa wannan rami. A watan Janairun 2015 aka gano wani layi a shirin Steam na kamfanin Valve, wanda aikinsa share dosiye guda ne kawai. Sunan dosiyen yana cikin wata ma'ajiya, $STEAMROOT. Da ma'ajiyar ta zo wayam, sai umurnin ya kama shara tun daga tushen diski, ya kwashe wa wani mutum dukan takardunsa, har da na diskin ajiya da ke haɗe da na'urar.

Ma'aikacin da ke riƙe da jerin albashi, ko ɗan kasuwa mai littafin bashi, ya kamata ya yi gwajinsa a kan kwafi, cikin dosiyen da ya ware don haka. Kafin ya saki kowane umurni mai sharewa, sai ya fara shi da echo, wanda zai nuna layin yadda shel ya fahimce shi ba tare da ya zartar ba. rm -i na neman izini a kan kowane fishiye, shirin ShellCheck kuma, wanda kyauta ne, yakan karanta rubutun ya nuna inda aka manta alamun zance.