Katin Baftisma Ba Lasin Dillanci Ba Ne

Duk wanda ya zaga unguwannin Sabon Tasha, Narayi, Unguwar Romi ko Gonin Gora a Kaduna, ko kuwa Tudun Wada da Bukuru da hanyar Rukuba a Jos, zai ga allunan dillalai a jikin bishiyoyi da turakun lantarki: ɗaki da falo na haya, fuloti na sayarwa, ga lambar waya. Da yawa daga cikin masu waɗannan lambobi 'ya'yanmu ne, matasan da suka gama makaranta ba su sami aiki ba, suka ga cewa dillancin gidaje da filaye sana'a ce da ba ta neman jari sai waya da ƙafa da baki. Ba mu ga laifinsu ba. Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan, kuma la'adar da mutum ya ci da guminsa halal ce. Abin da ya dame mu shi ne, mutum na iya kwana yana sayar da katin waya, ya wayi gari yana riƙe da kuɗin sallamar malamin makarantar da ya yi shekara 35 yana koyarwa, ba tare da wani ya tambaye shi ko da takarda ɗaya ba. Direban tasi sai da lasin, mai kemis sai da lasin, amma wanda ake damƙa wa abin da iyali suka tara tsawon rayuwarsu, shi ba ruwansa da kowa.

A wasu ƙasashe abin ba haka yake ba. A Amurka, alal misali, kowace jiha tana da hukumar da ke ba dillalan gidaje lasin, kuma ba a ba mutum sai ya zauna a aji ya kuma ci jarrabawa. A Jihar Kalifoniya karatun awa 135 ne, a Jihar Tekzas kuwa awa 180. Ana ɗaukar zanen yatsun mai nema domin a duba ko ya taɓa aikata laifi. Bayan ya sami lasin ɗin ma ba a barinsa ya ci gashin kansa. Tilas ya yi aiki a ƙarƙashin babban dillali mai lasin da ya fi nasa, wanda zai amsa tambaya idan yaronsa ya yi ɓarna. Kuɗin da mai saye ya bayar na kafin alƙalami ba ya shiga aljihun dillali, ana ajiye shi ne a wani asusu na amana har ciniki ya faɗa. Lasin ɗin kuma ba na har abada ba ne: a Tekzas ana sabunta shi duk shekara 2, a Kalifoniya duk shekara 4, kuma hukuma na iya ƙwace shi. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya. Dillalin da ya san cewa zamba guda za ta raba shi da abincinsa zai yi tunani kafin ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Kada wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce. A 2020 Ghana ta yi dokar dillancin gidaje da filaye, wadda ta kafa majalisar da ke ba dillalai lasin. A nan gida ma, a 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu wannan sana'a a Jihar Legas yin rajista da hukumar da ake kira LASRERA, inda kuma wanda aka cuta zai iya kai kuka. Tun kafin nan, Dokar Soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON, wadda ke yi wa ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu rajista, bayan ƙungiyarsu ta NIESV da aka kafa a 1969. To, amma fa wannan hanya ta masu digiri ce ko babbar difloma a fannin kula da kadarori, waɗanda suka ci jarrabawar ƙwarewa suka kuma yi aiki a ƙarƙashin na gaba da su. Ba ta kai ga dillalin da ke zaune a benci a bakin kasuwa ba, alhali kuwa shi ne wanda talaka ke zuwa wurinsa.

Matashin ikilisiya da ya zaɓi wannan sana'a bai kamata ya jira sai gwamnati ta biyo shi da bulala ba. Akwai abubuwan da yake iya yi tun yau. Ya yi wa sunan kasuwancinsa rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, domin ya zama yana da suna da adireshin da za a same shi. Ya nemi takardar shaida daga sashen SCUML na Hukumar EFCC, gama dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa masu harkar gidaje da filaye cikin waɗanda ake buƙatar su yi rajista. Ya liƙe wa wani ofishin ƙwararre mai rajista ko lauyan da ya san harkar ƙasa, ya koyi aikin ko da na shekara ɗaya ne, kamar yadda ɗan koyon kafinta ke yi. Wanda kuma yake da takardun shiga kwalejin fasaha ko jami'a, ya je ya karanta fannin sosai, ya bi matakan har ya sami hatiminsa. Iyaye da ke da hali su biya wa 'ya'yansu wannan kuɗin karatu. Ya fi kuɗin beli sauƙi.

Muna nanata maganar koyo ne domin yawancin ɓarnar da ake yi ba ta mugunta ba ce, ta jahilci ce. Dillalai nawa ne a unguwanninmu suka san abin da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ƙunsa? Bisa ga wannan doka, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne da amfani da wurin, kuma takardar shaidar mallaka ta gidan zama galibi ta shekara 99 ce. Mai riƙe da irin wannan haƙƙi ba shi da ikon ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamna, cinikin da aka yi ba tare da ita ba kuwa doka na ɗaukarsa kamar ba a yi ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ta rushe, ko da yake banki ne ya karɓe ta. In banki da lauyoyinsa sun yi tuntuɓe a nan, ina ga gwauruwar da aka miƙa wa fallen takarda mai hatimin mai unguwa aka ce mata shi ke nan, fili ya zama nata? Sa hannun mai unguwa ko dagaci yana da amfaninsa a matsayin shaida, amma ba ya nuna ko filin yana kan hanyar da gwamnati ta shata, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko an riga an ba wani shi. Wannan sai an je ofishin ƙasa an yi bincike: KADGIS a Kaduna, PLAGIS a Jos, AGIS a Abuja. Dillalin da bai taɓa taka ƙofar waɗannan ofisoshi ba, cinikin biri a sama yake yi da kuɗin mutane.

Haka kuma batun tsabar kuɗi. Dokar nan ta 2022 ta hana mutum ya bayar ko ya karɓi tsabar kuɗin da suka wuce Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuwa miliyan 10. Duk da haka har yanzu ana ƙirga kuɗin fuloti a ɗaki, a zuba a jaka, a rabu ba rasit.

Yanzu bari mu zo ga namu na cikin gida, domin nan ne maganar ta fi ɗaci. Bayan rikicin Kaduna na watan Fabrairun 2000 da na Jos na watan Satumban 2001, iyalai masu yawa, Kirista da Musulmi, sun sayar da gidajensu cikin gaggawa suka koma unguwannin da suke ganin sun fi musu kwanciyar hankali. Mutumin da ke gudun ransa ba ya taya ciniki, ba ya kuma tambayar takarda. Abin da ya rage masa shi ne ya nemi dillali na addininsa, yana ganin ɗan'uwa ba zai cuce shi ba. Tun daga lokacin wannan tunani ya zauna mana. Yau idan aka ce wane ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, ko mijin shugabar zumuntar mata ne, ko shi ke ɗaukar baiko ranar Lahadi, sai a ga tambayarsa takarda kamar cin fuska ne. A wasu majami'u har sanarwar filayen sayarwa ake yi daga kan bagade, tsakanin sanarwar aure da ta taron addu'a. Wanda ya ji daga bakin sakataren ikilisiya zai ɗauka dattawa sun bincika, alhali ba wanda ya ga ko turken safiyo guda.

In abin ya ɓaci kuma, sai a tara dattawa, a tuna wa wanda aka cuta gargaɗin Manzo Bulus ga Korintiyawa game da kai ɗan'uwa ƙara, a ce ya yi haƙuri ya bar wa Allah. Ba mu ƙi sulhu ba, aikinmu ne ma. Amma sulhun da ba a mayar da ko kwabo ba, rufa wa ɓarawo asiri ne, kuma a sura ɗin nan Bulus ya tsawata wa masu cutar 'yan'uwansu da zamba. Ya kamata masu irin wannan hali su sani cewa dokar zamba cikin aminci ta 2006 ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, ba tare da zaɓin tara ba, ga wanda ya karɓi dukiyar wani ta hanyar yaudara.

Masu ganin neman takarda rashin bangaskiya ne, su buɗe Irmiya sura 32. Annabin ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel, ɗan ɗan'uwan mahaifinsa, kuma Ubangiji ne da kansa ya riga ya faɗa masa cewa wannan ciniki na zuwa. Duk da haka ya auna azurfa shekel 17 a kan ma'auni, ya rubuta takardar ciniki, ya buga hatimi, ya kira shaidu suka sa hannu, sa'an nan ya ba Baruk takardun, rufaffiya da buɗaɗɗiya, ya ce a ajiye su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Dangi na jini ke nan, annabi ke nan, da umarnin Allah a hannunsa, bai ce yarda ta wadatar ba. Ibrahim ma, a Farawa sura 23, an yi masa tayin kogon Makfela kyauta, ya ƙi, ya biya Efron shekel 400 a gaban jama'a a ƙofar gari.

Mun san akwai masu tsoron cewa dokar lasin za ta zama wata sabuwar ƙofar karɓar na goro, ta kuma kori tsofaffin dillalai masu gaskiya da ba su iya Turanci ba, waɗanda suka san tarihin kowane fegi a unguwarsu fiye da kowace kwamfuta. Wannan tsoro yana da tushe, kuma duk wanda ya taɓa bin fayil a ofishin gwamnati ya san dalili. Amma maganinsa shi ne a tsara dokar da kyau. Muna kira ga majalisun dokokin jihohin Arewa su dubi abin da Legas ta yi, su gyara shi daidai da mu: gajeren horo a kan dokar ƙasa da rubuta yarjejeniya, jarrabawa da Hausa ga wanda ya fi so, kuɗin rajistar da ɗan talaka zai iya biya, la'ada tsayayya da kowa ya sani, da kuma littafin sunayen dillalai masu lasin a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, wanda kowa zai iya dubawa kyauta. A sa shugabannin dillalai na gargajiya cikin shirin tun daga farko, gama su suka san wanda ke da hali da wanda ba shi da shi.

Kafin majalisu su motsa, ikilisiyoyi na iya fara nasu. A daina sanarwar ciniki daga kan bagade. Fasto ko katikis ko dattijon da ke dillanci ya raba rigar aikin Ubangiji da ta kasuwa, kada ya karɓi kuɗin ɗan ikilisiyarsa sai ta banki, da rasit, da shaidu. Kusan kowace babbar ikilisiya a gari tana da lauya ko ma'aikacin safiyo a cikin membobinta. A roƙe su su ba da yamma ɗaya a wata domin duba takardun gwauraye da masu ritaya kafin su biya, su kuma koyar da matasan da ke sana'ar.

Sai kuma filin da majami'ar kanta take a kai. Ikilisiyoyi da dama an sayi filayensu ne da sunan mai bishara na farko ko wani dattijo, domin a lokacin shi ne ya je ciniki. Ranar da ya rasu, magada na iya tasowa da takarda a hannu, kuma sunan mahaifinsu ne a jiki. Muna roƙon kowace majalisar dattawa, a zamanta na gaba, ta sa a fito da takardun filin majami'a da na gidan fasto a ɗora a kan tebur, a karanta sunan da ke jiki. In ba sunan amintattun ikilisiya masu rajista ba ne, a fara shirin canza shi tun masu sa hannu suna da rai.