Amoniya A Lambun Albasa

Akwai wata shawara game da noman albasa wadda duk mai waya a hannu zai iya cin karo da ita a intanet. Wai a sami ruwan amoniya na kwalba, a zuba cokali 2 ko 3 cikin bokitin ruwa mai cin lita 10, a bai wa albasa. Masu faɗi sun ce abu ɗaya ya biya bukata biyu, watau ga taki, ga kuma maganin ƙwari, domin wai warinsa ya kan kore su. Mun ga ya kamata mu yi magana bisa wannan al'amari tun bai yi nisa ba, musamman da ku malaman makaranta da akawunan ofisoshi, gama ku ne a kan kawo wa irin wannan labari a tambaye ku ko gaskiya ne. Abin da kuka amsa kuwa shi manomi zai tafi da shi fadama, ya ce malam ne ya faɗa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, akwai ɗan ƙamshin gaskiya cikin maganar, amma ba ta isa a ɗora amfanin shekara a kanta ba. Ga dalilanmu.

Da fari sai mu san inda shawarar ta yi ƙarfi. A ƙasar Rasha mutanen birni da yawa suna da 'yan lambuna a bayan gari, inda su kan shuka albasa da tafarnuwa da dankali don cin gida. A kantunan magani na can ana sayar da ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda a kan shaƙa wa wanda ya suma don ya farfaɗo. Shi ne masu lambun su kan tsarma da ruwa su zuba wa albasa. Abin da su ke gudu wani ƙuda ne na ƙasashen sanyi, mai yin ƙwai a gindin albasa, in ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa ta shiga ta cinye ta daga ƙasa. To, a lura da abu biyu. Ƙasarsu mai sanyi ce, lambun kuma sau da yawa bai wuce 'yan taku ba. Wanda ya yi hasarar fangali biyu a can bai rasa abincin iyali ba. Manomin Aliero a Jihar Kebbi, ko na Galmi a Jamhuriyar Nijar, albasa ita ce jarinsa, da ita zai biya bashin iri da na man inji, ya yi wa iyali sutura.

Gaskiyar da ke cikin maganar kuwa ita ce, amoniya tana ɗauke da naitirojin, watau sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, ya yi tsawo. Cikin nauyin amoniya zalla, kashi 82 cikin 100 naitirojin ne. Hasali ma ita ce uwar yawancin takin zamani. A shekarar 1909 wani masani Bajamushe, Fritz Haber, ya nuna yadda za a kamo naitirojin daga iskar da mu ke shaƙa a mai da shi amoniya. Wani ɗan ƙasarsu, Carl Bosch, ya mai da dabarar ta zama aikin masana'anta, aka buɗe ma'aikata ta farko a Oppau cikin 1913. Daga amoniya a ke yin yuriya, har da wadda a ke yi a nan Nijeriya, a ma'aikatar Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal, da ta Ɗangote da aka buɗe a Legas cikin 2022. Saboda haka wanda ya zuba wa albasa mai jin yunwa ruwan amoniya da aka tsarma sosai, ya ga lawashi ya ɗan farfaɗo, ba ƙarya idonsa ya yi masa ba.

Amma bari mu yi lissafi, tun da ya ke aikinku ne. Babban cokali yana cin wajen mililita 15. In ruwan kwalbar mai ƙarfin kashi 10 ne, naitirojin da ke cikin cokali guda bai wuce giram 1 da 'yan kai ba. Cokali 3 ke nan sun ba da wajen giram 3 da rabi. Yuriya kuwa kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, watau cokali ɗaya tak na yuriya ya fi abin da ke cikin wancan bokiti duka. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. Kafin a sami daidai wannan daga ruwan kwalba sai an tara kusan lita 290, fiye da ganga guda ke nan. Ruwan amoniya na goge-goge a gida ma sau da yawa ƙarfinsa bai kai kashi 10 ba, wani kuma an haɗa shi da sabulu da turare, waɗanda ba don shuka aka yi su ba. Ina arahar da a ke faɗi?

Na biyu, ko ɗan abin da ke ciki ba duka ne ya ke isa ga saiwa ba. Amoniya iska ce aka narkar cikin ruwa, kullum kuma neman hanyar fita ta ke yi. Warin nan da ke bugun hanci in an buɗe kwalba, takin ne ke tashi. Zafin rana da iska mai kaɗawa suna ƙara mata saurin gudu, haka kuma ƙasa mai kanwa-kanwa. Albasarmu kuwa yawanci ta rani ce, tana girma cikin hunturu da iskarsa, ta nuna zafi na shigowa. Manoman masara na Amurka suna amfani da amoniya zalla ƙwarai da gaske, amma ba bisa ƙasa su ke watsa ta ba. Da injuna su ke cusa ta can ciki, zurfin wajen santimita 15 zuwa 20, ƙasa ta rufe a baya nan take, don kada ta tsere. Mai bokiti ba shi da wannan hali.

Na uku, in mutum ya ga abin bai yi ba, ya ƙara cokali, sai ya faɗa wata matsalar. Ruwan amoniya mai ƙarfi yana ƙona saiwa da ganye. Manomanmu sun san wannan tun kaka da kakanni ko da ba su san sunan ba. Wa ke zuba ɗanyen kashin kaji a gindin dashe? Kowa ya san zai ƙone shi, shi ya sa a kan bar taki ya ruɓe tukuna. Warin nan mai hawa ka da a ke ji a akurkin kaji ko garken awaki, amoniya ce, tana kuwa cikin abubuwan da ke yin ƙunar. Albasa ta fi yawancin shuke-shuke rauni a nan, domin saiwarta gajera ce, mafi yawanta ba ta wuce santimita 30 daga bisa, ba ta kuma da rassa da yawa da za ta maye gurbin wadda ta lalace. Garin neman gira sai a rasa ido.

Har wa yau, naitirojin kaɗai ba ya raya albasa. Tana bukatar fosfaras don saiwa, da fotasiyam don kai ya yi ƙwari, da farar wuta wadda ita ke ba ta yajin nan da masu saye ke so. Babu ko ɗaya daga cikinsu a kwalbar amoniya. Takin gargajiya da ya ruɓe yana da su gwargwado, ga shi yana gyara ƙasa ta riƙe ruwa. Takin NPK yana da uku daga ciki. Akwai kuma takin amoniyam salfet, mai naitirojin kashi 21 cikin 100 haɗe da farar wuta. Kada kamancin suna ya ruɗi kowa, shi wannan gishiri ne da aka yi musamman don gona, ba ɗaya su ke da ruwan kwalba ba.

To, sai batun ƙwari. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Ƙudan da ke damun Rashawa ba shi ne babban abokin gaban albasarmu ba. Namu wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da masana ke kira tirips, tsawonsu bai fi milimita 1 da kaɗan ba. Su kan ɓuya a maƙogwaron albasa, tsakanin sababbin ganye, su kankare fatar lawashi su tsotse ruwansa, har ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka, bakinsa ya bushe. Zafi da rashin ruwan sama su ke so, shi ya sa su kan yi yawa a ƙarshen rani. Warin da aka zuba a ƙasa da safe, wanda ba ya daɗewa iska ta kwashe shi, me zai yi wa ƙwaron da ke kwance cikin lungun ganye dare da rana? In kuwa an ƙara ƙarfin ruwan har ya isa kashe shi, lawashin ne zai riga shi mutuwa. Daɗin daɗawa, akwai ciwon da ke fitowa bisa ganye da tabo mai launin shunayya, wanda naman gwari ne ke kawo shi. Shi kam ba ruwansa da wari.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi kowane yawa, watau ɗaukar cewa duk lawashin da ya yi rawaya yunwa ya ke ji. Ƙishirwa tana sa haka, yawan ruwa ma yana sawa, ƙwari da ciwo suna sawa, in kuma albasa ta kusa nuna dole ne ganye ya yi laushi ya kwanta. Wanda ya ɗura naitirojin bayan albasa ta fara yin kai ya cuci kansa. Za ta koma yin ganye, wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, nunarta ta yi jinkiri. Albasa mai kaurin wuya ba ta ajiyuwa, ta nan ruɓa ke shiga. Kowa kuwa ya san ribar albasa a ajiya ta ke. Lokacin cira kasuwa ta kan cika har kuɗinta ya faɗi, sai wanda tasa ta jure cikin rudu zuwa damina ne ya kan ga amfanin wahalarsa. Kore shar na mako guda bai kai a sayar da wannan dominsa ba.

Akwai kuma haɗari ga lafiya, wanda bai kamata a yi shiru a kansa ba. Ruwan amoniya in ya fantsama a ido yana iya yi masa lahani mai tsanani, tururinsa kuma yana shaƙe mutum, balle mai ciwon asma. In aka haɗa shi da ruwan bilic na wanki ya kan ta da wata iska mai guba wadda ke ɓata huhu. A gidan da yara ke kai da kawowa, a kan kuma juye abubuwa cikin kwalabar lemo, wannan ba abin wasa ba ne. In tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na tsawon minti 15 ko fiye, a garzaya asibiti.

Me za ku gaya wa mai lambu in ya tambaye ku? Ku ce ya zuba ruɓaɓɓen taki tun wajen gyaran fangali, kafin dashe. Takin zamani kuma ya raba shi kashi-kashi, ya ba da shi a farkon girma, ya tsaya da zarar kai ya fara fitowa. Yuriya a rufe ta da ƙasa nesa kaɗan da gindi, a bi ta da ruwa nan da nan, domin ita ma in an bar ta bisa ƙasa cikin rana amoniya ta ke komawa ta bi iska. Ya riƙa buɗe tsakanin ganye yana dubawa kowane mako, ya cire ciyawa, kada ya bar albasa ta yi ƙishi, kada kuma ya maimaita ta wuri guda shekara da shekaru. Jiƙon 'ya'yan darbejiya yana rage ƙwarin in an fara da wuri. In sun fi ƙarfinsa, ya nemi malamin gona ya nuna masa maganin da aka yi wa rajista da ma'auninsa. Adadin takin da ya dace da kowace ƙasa ma wurin malamin gona a ke samunsa, su kuma suna da masana a bayansu, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya.

Ku malaman makaranta kuna da abin da ya fi dogon bayani, watau lambun makaranta. Gani ya kori ji. Ku ja fangali uku daidai wa daida, iri ɗaya, ban ruwa ɗaya. Na farko a sa masa ruɓaɓɓen taki kaɗai, na biyu a ƙara masa yuriya a rufe da ƙasa, na uku a watsa yuriyar a bar ta a fili. In akwai mai gardama bisa amoniya a ƙara na huɗu, amma malami da kansa zai haɗa ruwan, kada yaro ya taɓa. Ran cira a auna nauyin kowane, a rubuta. A ajiye su dabam-dabam wata biyu, a ƙidaya waɗanda suka ruɓe. Yaro ya koyi awo da lissafi, ya kuma kai labari gida. Ku akawuna kuma ku taimaki wanda bai iya karatu ba, ku karanta masa lambobin da ke jikin buhu, ku fassara masa abin da su ke nufi, don ya san me ya saya da kuɗinsa.

Ba mu ƙi sabon abu ba. Takin zamani kansa baƙo ne a dā, sai da aka gwada shi a gonakin gwaji aka ga amfaninsa kana jama'a suka karɓa. Abin da mu ke nema shi ne kowace sabuwar dabara ta bi wannan hanya, a gwada ta a fangali ɗaya kafin a kai ta gona duka. Kwalbar amoniya dai a bar ta wurin goge taga, nesa da hannun yara. Allah ya ba manomanmu albarkar rani, amin.