Makaɗi Ba Ya Tashi Shi Kaɗai: Kira ga Masu Nazarin Waƙar Baka a Ƙasar Haɗeja da Jahun

Duk wanda ya leƙa ma'ajiyar kundayen Sashen Hausa zai tarar da take guda yana ta maimaita kansa, wato rayuwa da waƙoƙin wane. Ɗalibi yakan kawo garin da aka haifi makaɗi, da ƙuruciyarsa, da yawan iyalinsa, sa'an nan ya tsunduma cikin jigo da salo. Amma ubangidan da ya ciyar da makaɗin, da wanda ya ɗora masa hannu a kan ganga, da 'yan amshin da suka riƙe masa waƙa, da matan da suka riƙe masa gida, duk akan sallame su cikin layi biyu ko uku. Wannan kuskure ne babba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wurin waɗannan mutane ne rabin tarihin waƙa yake.

Turawa sun daɗe da gane haka game da manyan masu tsara kiɗansu. Ba su yin maganar Haidin sai sun ambaci gidan sarautar Esterhazi, inda ya kama aiki a 1761 ya yi kusan shekara 30 yana da ƙungiyar makaɗa a hannunsa, yana gwada duk abin da ya tsara. Shi kuwa Betoben, wanda ya yi ɗalibta a wurin Haidin, manyan 'yan sarauta uku ne suka yanka masa albashin shekara a 1809 don kada ya bar birnin Biyana. Ana Magadalena, matar Bak, mawaƙiya ce, kuma da hannunta ta kwafe ayyukan mijinta masu yawa. Da Mozat ya rasu a 1791, matarsa Konstanza ce ta adana takardunsa har aka buga su, kuma ta tsaya a kan littafin tarihinsa da ya fito a 1828.

To, in masu rubutu sun buƙaci irin waɗannan mutane, ina ga makaɗin Hausa wanda ba shi da takarda sai ƙwaƙwalwar yaransa? Sarkin Gobir na Isa Amadu ne ya riƙe Ibrahim Narambaɗa, kuma ba a fahimtar zambo da habaicin da ke cikin waƙoƙinsa sai an san 'yan sarkin da suka yi hamayya a gidan sarautar Isa. Haka Salihu Jankiɗi yake da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, haka Sa'idu Faru yake da Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya koyi kiɗa, ya kuma yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya ja tasa ƙungiya. Wanda ya saurari faifansa da kyau zai ji yadda yakan ɗauko magana ya saki, 'yan amshi su karɓe ta su ƙarasa, har su yi ƙari. Wannan ya sha bamban da tsarin Mamman Shata, inda yawanci gindin waƙa kaɗai 'yan amshi suke maimaitawa, kalangu kuma yana yin tasa maganar. Ashe ke nan salon da ake jingina wa mutum ɗaya, aikin ƙungiya ne.

Ƙasar Haɗeja da Jahun tana cikin wuraren da wannan sakaci ya fi yi wa illa, domin yawancin abin da aka rubuta a kan makaɗan fada ya karkata ne ga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Alhali kuwa fadar Haɗeja ta ga sarakunan da suka cika bakin maroƙa, kamar Sarki Buhari da ya rasu a 1863, da Sarki Muhammadu wanda ya yi shahada a hannun Turawa a 1906. Kirari da taken irin waɗannan sarakuna a bakin masu tambari da algaita da 'yan ma'abba suke, ɗa yana karɓa daga uba. A Haɗeja ne kuma aka yi Haruna Uji, makaɗin gurmi, wanda waƙarsa ta Jummai ta zaga ƙasar Hausa. Gurmi ba ya koyuwa daga sama; akwai wanda ya nuna masa ɗaurin tsirkiya, akwai waɗanda suka fara ba shi kyauta tun sunansa bai fita gari ba, kuma su ne ya kamata mai bincike ya fara nema.

A karkarar Jahun da sauran garuruwan fadama, ubangidan makaɗi ba lalle ne ya zama sarki mai sanda ba. Sarkin noma ne da ya kira gayya, ko sarkin ruwa a ranar su, ko hakimi ranar salla, ko gwanin kokawa bayan kaka. Kada a raina wannan mataki, domin Narambaɗa da Ɗanƙwairo duk da kiɗan noma suka fara kafin su shiga fada. Sai dai arzikin waɗannan iyayen gida a kan ruwa ya dogara. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa a fadamun Haɗeja ya canza, kamun kifi da noman fadama suka shiga wani hali. In rumbun ubangida ya yi ƙasa, ganga takan koma rataye, ɗan makaɗi kuma ya nemi wata sana'a. Abin da uban ya haddace sai ya bi shi kabari.

Wani zai ce ai dangantakar makaɗi da ubangida roƙo ne kawai, yabo a bakin riga da doki, saboda haka ba abin da ilmi zai ƙaru da shi. Gaskiya ne akwai kwaɗayi a ciki, kuma makaɗin fada ba ya faɗin laifin wanda yake ci a hannunsa. Amma wannan shi ne ma dalilin binciken. Wanda bai san mai biyan kuɗin waƙa ba, zai ɗauki yabo a matsayin tarihi, ya ɗauki zambo a matsayin shaida. Bugu da ƙari, fadawa ne suke ba makaɗi nasabar sarki da labarin abokan gabansa, don haka su ma suna da hannu a cikin ƙirar waƙar.

Matan makaɗa kuwa su aka fi zalunta, domin ƙidaya su kawai ake yi. Su ne suka riƙe gida watanni makaɗi yana yawon kiɗa, a gabansu aka yi gwajin waƙoƙi da dare, kuma sau da yawa a ɗakinsu tsofaffin kaset da hotuna suke. Ɗalibi namiji ba ya shiga wurinsu, amma ɗaliba tana shiga, kuma wannan fage ne da 'yan'uwa mata na wannan Sashe suka fi kowa cancanta da shi.

Saboda haka ya kamata malamai masu duba kundaye su sa sharaɗi, kada a karɓi aiki a kan makaɗi sai da babi a kan iyayen gidansa da malaminsa, da hira da aƙalla ɗan amshi ɗaya da wata daga cikin iyalinsa, da yardarsu. Ɗaliban Jahun da Kafin Hausa da Auyo da Haɗeja kuwa, hutu mai zuwa ya ishe su fara wannan aiki, tun da na'urar ɗaukar magana tana cikin aljihun kowa. Tsofaffin 'yan amshi suna nan a zaurukan garuruwansu, kuma ba za su jira sai an gama digiri ba.