Arlit: Kason ƙananan hukumomi daga ma'adinai ya kamata ya zama azuzuwa

A duk watan Oktoba, idan aka koma makaranta a Nijar, iyaye a Arlit da Akokan na fuskantar tambaya guda: ina yaron da ya kai shekarun shiga ajin farko zai zauna? Garin na ƙara cika da jama'a, amma gina aji na buƙatar kuɗi, kuma asusun ma'aikatar magajin gari bai girma yadda garin ya girma ba.

An kafa Arlit a 1969 saboda uraniyom. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a 1971, COMINAK kuma a 1978 a Akokan. Kamfanonin ne suka gina gidajen ma'aikata da asibitoci, suka ja ruwa da wuta. Waɗanda suka biyo bayan ma'aikata don neman abin kai wa bakin salati suka kafa nasu unguwanni a gefe, irin waɗanda har yau ake kira Bukoki. A ƙidayar 2012 jama'ar ƙaramar hukumar Arlit sun kusa dubu 80. Daga 2014, lokacin da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten, garin ya zama zangon masu haƙa da 'yan kasuwa, ga kuma waɗanda ake korowa daga Aljeriya ta Assamaka. Da yawa daga cikinsu sun zo da iyali.

A ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe. Ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Ke nan gari ya rasa ɗaya daga cikin manyan ginshiƙansa a daidai lokacin da yaran da ke neman gurbi a makaranta ke ƙaruwa.

A bisa doka, an san wanda nauyin ya rataya a wuyansa. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wasu ayyuka a fannonin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, ciki har da ginawa da gyaran makarantun firamare. An kuma san inda kuɗin ya kamata su fito. Gyaran dokar ma'adinai na 2006 ya tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai a mayar wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo su. Matsalar ita ce kason bai cika zuwa a kan lokaci ba. Ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kokawa kan bashin da ya taru a baitulmali. Magajin garin da bai san ranar da kuɗi za su shigo ba, ba ya iya ba da kwangilar gina aji kafin hutu ya ƙare.

Idan babu gini, abin da aka saba komawa gare shi a faɗin ƙasar shi ne ajin zana. 'Yan Nijar sun ga abin da hakan ke jawowa. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara 20 a makarantar unguwar Pays-Bas a Yamai. A Nuwamban shekarar wata ta kashe fiye da 20 a Maraɗi. A Arlit, inda ake fama da zafi da iska mai ƙura, rumfar zana ba wurin karatu ba ce ko da ba a yi gobara ba.

Yanzu al'amura biyu sun canja. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, suka naɗa kantomomi. A Yunin 2025 kuma gwamnati ta karɓe SOMAIR daga hannun kamfanin Orano na Faransa, wanda ke da kusan kashi 63 cikin 100. Mai naɗa kantoma, mai riƙe da ma'adinin da mai riƙe da baitulmali duk hannu ɗaya ne a yau. Saboda haka babu sauran wanda za a ɗora wa laifi idan kuɗin ba su iso ba.

Abin da ake buƙata ba ya da wuyar fahimta. Ma'aikatar kuɗi ta riƙa bayyana kowace shekara nawa ne kason jihar Agadas, nawa aka biya, nawa ya rage, tare da sa ranar biyan tsohon bashi. A ware wani kaso sananne daga ciki don azuzuwa, tebura, ruwa da makewayi, ta yadda ba za a karkatar da shi zuwa man mota da alawus ba. Kantoman Arlit, tun da babu zaɓaɓɓun kansiloli da za su tambaye shi, ya liƙa kasafinsa a ƙofar ma'aikata, ya zauna da kwamitocin iyayen yara da sufetocin ilimi a tantance unguwar da ta fi buƙata. Ma'aikatar ilimi kuma ta turo malami ga kowane sabon aji, domin albashin malamai nauyin gwamnatin tsakiya ne.

Wannan magana ta shafi Tchirozérine ma, inda ake haƙar gawayi kuma ake shirin fara haƙar uraniyom a Dasa. Gara a lissafa azuzuwa kafin jama'a su taru.

Rufe COMINAK ya nuna cewa kowane rami na da ranar ƙarewa. Yaran Akokan da za su yi rayuwa bayan uraniyom suna buƙatar aji a bana, kuma doka ta riga ta nuna kuɗin da za a gina shi da su.