Linux kyauta ne, amma wa ke gadin ƙofar?

Maganar ƴancin kai a fannin na'urori ta zama ruwan dare a Yamai da sauran biranen Sahel: a ajiye bayanan ƴan ƙasa a cikin gida, a rage biyan kuɗin lasisi ga kamfanonin ƙetare. Amsar da masana kwamfuta suka fi bayarwa ita ce Linux, manhajar da wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, wadda a yau ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet. Irin waɗannan kwamfutoci su ake kira uwar garke. A cikinsu ne sunanka da lambar wayarka ke kwana idan ka aika kuɗi daga Maradi zuwa Agadas, ko aka yi wa ɗanka rajistar jami'a ta na'ura.

Linux ba a sayen sa, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi. Sai dai yana zuwa ne kamar gidan da aka gina ba a sa masa kwaɗo ba. Wanda ya girka shi ne zai zaɓi manhajojin da za su tsare ƙofa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ba a ganin sa sai bayan shekaru.

Zaɓi na farko shi ne wane irin Linux za a ɗauka, domin suna da yawa, kuma kowanne na da wa'adin da masu shi za su ci gaba da fitar masa da facin tsaro. Nau'in Ubuntu mai dogon zango yana samun shekara 5 kyauta. Debian ma, idan aka haɗa da ƙarin kulawar da masu sa kai ke yi masa, yakan kai kimanin haka. CentOS kuwa, wanda ofisoshi da dama a duniya suka dogara da shi, ya ba mutane mamaki: an datse ran CentOS 8 a ƙarshen 2021, shekaru kafin lokacin da aka alkawarta, sannan CentOS 7 ya kai ƙarshensa ranar 30 ga Yunin 2024. Duk ofishin da uwar garkensa ke kan ɗayansu har yanzu, na'urar za ta ci gaba da aiki lafiya lau a ido, amma duk ramin da masu kutse suka gano daga wannan rana ba mai toshe shi. Rocky Linux da AlmaLinux sun fito ne don maye wannan gurbi.

Darasi na biyu ya fi ban tsoro. Ranar 29 ga Maris ɗin 2024, wani injiniyan kamfanin Microsoft, Andres Freund, ya sanar cewa ya gano ɓarauniyar ƙofa a cikin xz, wata ƴar ƙaramar manhajar matse bayanai da ke cikin kusan kowane Linux. Abin da ya ja hankalinsa shi ne shiga na'urarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da aka bi sawu, sai aka tarar wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe fiye da shekara 2 yana taimaka wa mai kula da manhajar, Lasse Collin, wanda ke aikin shi kaɗai ba albashi, har aka amince da shi aka ba shi dama. Daga nan ya cusa gubar a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Da ta yaɗu, da mai riƙe da mabuɗin ya iya shiga na'urori masu ɗimbin yawa ba tare da kalmar sirri ba.

Masu sukar Linux sun ce ga shi nan, abin da ba shi da mai shi ba shi da tsaro. Magoya bayansa suka ce ai don a buɗe yake ne aka kama ɓarawon. Kowanne na da rabin gaskiya. Abin da ya fi amfani ga ma'aikacin da ke kula da na'urar asibiti a Damagaram shi ne wannan: gubar ta shiga nau'o'in gwaji ne, irin su Fedora Rawhide da Debian na gwaji, ba ta kai ga tsayayyen Debian ko Ubuntu mai dogon zango ba. Wanda ya guji ɗokin sabon abu ya tsira ba tare da ya yi komai ba.

Sauran kayan gadin ba su da yawa, kuma duk kyauta ne. OpenSSH ita ce ƙofar da ake shiga na'urar daga nesa, kuma ya fi kyau a rufe shiga da kalmar sirri a koma ga mabuɗin sirri da ke ajiye a kwamfutar ma'aikaci. Katangar tsaro ta nftables, ko ufw ga mai son sauƙi, tana rufe duk hanyar da ba a buƙata. Fail2ban tana korar duk wanda ya yi ta gwada kalmomin sirri yana kuskure. Don haɗa babban ofishi da rassansa na Tawa ko Doso, akwai OpenVPN da ta daɗe ana aiki da ita, akwai kuma WireGuard da ta shiga cikin Linux a 2020, wadda ƙanƙantarta ta sa binciken ta ya fi sauƙi. A ganina ƙaramin ofishi bai buƙatar fiye da waɗannan, muddin akwai mai duba su.

Dillalai za su ce a ƙara da manhajar tsaro ta kuɗi, mai sa ido dare da rana. Tana da amfani ga banki. Amma ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa guda ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka ɗage ayyuka. Mai gadin da aka ba makullin kowane ɗaki, ranar da ya yi tuntuɓe gidan duka ne ke faɗuwa.

Ga Nijar akwai ƙarin lissafi. Irin waɗannan manhajoji ana biyan su ne shekara-shekara da kuɗin waje, kuma da yawansu sai sun riƙa magana da na'urorin kamfanin a Turai ko Amurka. Ba a manta da takunkumin CEDEAO ba, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, lokacin da aka dakatar da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki. Ba a jima ba, ranar 14 ga Maris ɗin 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga matsala, alhali ƙasar da ba ta da gaɓar teku ta hannun maƙwabta take samun layinta. Tsaron da ke tsayawa idan an kasa biyan kuɗi ko layi ya yanke, sai a yi tunani sau biyu kafin a rataya masa bayanan jama'a.

Inda aka fi rauni dai ba a manhaja ba ne. An saba a ba da kwangilar girka na'ura, a yi bikin buɗewa, mai kwangila ya karɓi kuɗinsa ya tafi, wani lokaci har da kalmar sirrin a aljihunsa. Ba a ware ko dala ba don wanda zai riƙa sa faci duk mako, ko ya kwafe bayanan zuwa wani wuri daban ya kuma gwada ko kwafin na dawowa. A 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane wadda ta tanadi hukumar HAPDP mai sa ido a kanta, kuma alhakin tsare bayanai yana wuyan wanda ya tattara su ne. Jami'o'in Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa na yaye matasan da za su iya wannan aiki. Shugaban ofishin da ke shirin sa hannu a kwangila zai iya farawa da neman a rubuta masa abu uku a takarda: ranar da wa'adin Linux ɗin da aka girka zai ƙare, sunan wanda zai riƙa sabunta shi, da inda za a ajiye mabuɗin idan wannan mutum ya bar aiki.