Wasan tuƙin jirgin ƙasa: Darasin da matasan Kano ta Kudu za su iya ɗauka

Layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma kafin ya shiga birni daga Zariya sai ya ratsa Dangora da ke ƙaramar hukumar Kiru. Fiye da shekara ɗari ke nan, amma a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da wuya a samu matashin da zai iya bayyana dalilin da ya sa jirgin ƙasa ba ya tsayawa nan take idan an taka birki. Tun da aka aza harsashin sabon layin Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 203 a watan Yulin 2021, maganar da ake ta yi ita ce yaushe za a gama. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: su wa za su tuƙa jiragen, su wa za su gyara su?

Wani ɓangare na amsar yana inda iyaye da malamai ba su zata ba, wato wasannin tuƙin jirgin ƙasa na kwamfuta. A 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da Train Simulator. Da kamfanin ya daina sabunta shi, masu sha'awa a ƙasashe daban-daban suka haɗu suka rubuta Open Rails, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta. Abin da ya bambanta ta da wasannin tsere na waya shi ne, kowane kan jirgi da kowane tarago yana da fayil na rubutu da mutum zai iya buɗewa ya gyara. A ciki ake rubuta nauyinsa, da ƙarfin injinsa, da iyakar abin da zai iya ja, da ƙarfin birkinsa.

A nan ne wasa ke komawa karatu. Yaro na iya rubuta lambar da ya ga dama, jirginsa ya tashi kamar babur. Amma masu wannan harka na gaske ba haka suke yi ba. Burinsu shi ne jirgin cikin kwamfuta ya yi daidai abin da na ƙarfe ke yi a kan dogo: ya ja a hankali idan kaya sun yi nauyi, ya yi nishi a hawa, ya ci nisan da ya kamata kafin ya tsaya. Don cimma haka suna amfani da lissafin da injiniya ɗan Amurka W. J. Davis ya wallafa a 1926, wanda ya kasa turjiyar da jirgi ke fuskanta gida uku: wadda ba ta canzawa, da wadda ke ƙaruwa da gudu, da ta iska wadda ke ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Har yau kamfanonin jiragen ƙasa na aiki da wannan lissafi.

Maganar hawa kuwa ita ce ta fi shafar wannan yanki. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe na buƙatar ƙarfin da bai wuce na kilo 1 zuwa 2 ba don jan kowane tan guda. Wannan ne sirrin arhar sufurin jirgin ƙasa. Amma idan hanya na tashi mita 1 a kowace mita 100, sai kowane tan ya nemi ƙarin kilo 10. Jirgin da ke ɗauke da tan 1,000 zai buƙaci ƙarin ƙarfin tan 10 kan hawan da mai keke ma ba zai sauka dominsa ba. Idan kuma dogon ya jiƙe, ƙafafun kan jirgin na iya sulɓewa, shi ya sa ake zuba yashi a gabansu.

Tudun Wada da Doguwa ba su da layin dogo. Shinkafa da masarar da ake nomawa can a manyan motoci suke fita, ta hanyar Kano zuwa Jos da ta ratsa dajin Falgore. Riruwai kuma ta yi suna wajen kuza, kuma kuza ce ta sa Turawa suka shimfiɗa siririn layin Zariya zuwa Jos da Bukuru wanda aka kammala a 1914, aka rufe a 1957. Duk lokacin da aka ta da maganar farfaɗo da ma'adinan Riruwai, maganar yadda za a fitar da su na biyo baya. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta auna tudu da kwarin kusan duk duniya a 2000, kuma bayanan na intanet kyauta. Masu gina hanyoyi a waɗannan wasanni da su suke aiki. Ɗalibin kimiyya a Tudun Wada zai iya zana reshe daga Dangora zuwa Riruwai, ya ɗora taragai, ya gani da idonsa inda duwatsun Doguwa za su tilasta wa layi kewaye, da yawan kayan da kan jirgi ɗaya zai iya hawa da su. Wannan ba zai maye gurbin binciken injiniyoyi ba, amma zai samar da mutanen da ba za a yi musu romon baka da alƙawarin layin dogo ba.

Akwai kuma batun rai. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa na iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya, kuma ba shi da sitiyarin kaucewa. A watan Maris na 2023 jirgin ƙasa ya yi karo da motar ma'aikata a wata mahaɗa a Ikeja ta Legas, aka rasa rayuka. Sabon layin mai faɗin milimita 1,435 an tsara shi ne don gudun da ya zarce na tsohon mai milimita 1,067 da mutanen karkara suka saba gani yana tafe a hankali. Makiyayi da ɗan acaɓa da mai tarakta duk za su riƙa tsallaka shi. Yaron da ya taɓa taka birki a kwamfuta ya ga jirgi ya zarce mahaɗa da nisa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba, kuma shi zai gaya wa na gida.

Ƙorafin iyaye cewa wasa na cinye lokacin karatu yana da tushe. Haka ma maganar rashin wuta da tsadar kwamfuta, domin Open Rails a kwamfuta take aiki, yawancin wasannin waya kuma ba sa bari a taɓa lissafin da ke cikinsu. Sai dai maganin wannan shi ne a kai abin aji, ƙarƙashin kulawar malamin lissafi ko na kimiyya, inda kwamfuta biyu da farantin sola za su wadaci ɗalibai da dama bi da bi.

Nauyin ya rataya a wuyan hukumomi uku. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fitar da bayanan da ba na sirri ba, kamar nauyi da ƙarfin kawunan jiragenta da taswirar hawa da gangarar layukanta, domin ba a yin ƙirar gaskiya da ƙiyasi. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya da ke Zariya da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura su shirya gasa tsakanin makarantun sakandare kan gina layin Zariya zuwa Kano a kwamfuta, tare da bayani da Hausa. Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano kuma ta fara gwajin da makarantun kimiyya da fasaha na ƙananan hukumomin nan huɗu.

Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ranar da aka buɗe sabon layin za a ɗauki direbobi da makanikai da masu kula da sigina, kuma waɗanda suka shirya za a ɗauka. Idan Kano ta Kudu ta jira sai ranar, abin da zai rage wa 'ya'yanta shi ne tallar rake a bakin tasha, kamar yadda aka yi a zamanin tsohon layi.