"Core i7, tera ɗaya": yadda ake sayar mana da kwamfuta mai ɗingishi

Tambaya biyu ce ke sayar da kwamfutar tebur a Kano: "Core i nawa ce?" da "Tera nawa gare ta?" Daga Farm Centre a Tarauni har shagunan Beirut Road, da zarar an ce "i7, tera ɗaya," ciniki ya faɗa. Lauya ya ɗauke ta zuwa ofishinsa a Court Road, likita ya kai tasa gida a Gyadi-Gyadi, bayan mako guda kowannensu na zaune yana jira ta gama buɗewa kamar mai jiran a kawo wuta. Ban ɗora laifin a kan 'yan kasuwa kaɗai ba. Mutumin da ba zai sayi mota ba sai bakanike ya leƙa injinta, shi ne yake biyan kuɗin kwamfuta saboda 'yar takardar da aka manna mata a goshi.

Tun 2008 kamfanin Intel ke amfani da sunan Core i7. Samfurin i7-2600 ya fito a 2011, kuma ƙaramin i3-12100 na 2022 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Ga shi Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas yake farawa. Don haka "i7" ba tare da lambar zubi ba zance ne rabi.

Amma ainihin ɗingishin a ma'adanar bayanai yake. Wannan "tera ɗaya" galibi tsohon faifai ne mai juyawa, sau 5,400 ko 7,200 a minti, da allura mai yawo a kansa tana laluben fayil. Kowane lalube na cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, alhali babbar manhaja na buƙatar dubban ƙananan fayiloli kafin ta farka. SSD ba shi da abin da ke motsi a cikinsa, yana gama wannan laluben da saurin da ya kai ninki ɗari. Haɗa furosesa mai ƙarfi da faifai mai juyawa tamkar ɗaura wa ingarma amalanke ne.

SSD ɗin ma sai an san ta wace ƙofa zai shiga. Ƙofar SATA, wadda zubinta na uku ya fito a 2009, iyakarta a aikace wajen megabait 550 ne a daƙiƙa. NVMe yana bi ta layin PCIe, ya kai kimanin 3,500 a zubi na uku, 7,000 a na huɗu. Tarkon yana wurin gurbin M.2, domin sunan siffa ce kawai. Akwai M.2 mai magana da harshen SATA, yawanci da tsaga biyu a bakinsa, akwai na NVMe mai tsaga ɗaya. Wani babban allon yana karɓar duka biyun, wani ɗaya kawai, kuma akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2015 ba su da gurbin sam. Wanda ya sayi na zubi na huɗu ya cusa a gurbin na uku, gudun na uku zai samu, ya yi asarar bambancin kuɗin. Duba lambar allon a shafin kamfanin da ya ƙera shi bai fi minti biyu ba.

Ba cewa nake kowa ya ruga sayen NVMe ba. Mai rubuta takardun kotu ko lissafin kanti da wuya ya ji bambancinsa da SSD na SATA. Masu tace fim a Zoo Road, da ke jan manyan fayilolin bidiyo yini guda, su ne kuɗinsu zai fita.

Na san hujjar masu shago: SSD na gigabait 256 ya yi kaɗan, kuma ran da ya mutu ya tafi da komai. Gaskiya ne ceto bayanai daga mataccen SSD ya fi wuya. Sai dai maganin wannan shi ne ajiye kwafi na biyu, ba komawa ga faifan da ya riga ya tsufa a wani ofishi a Turai ba. A ɗora babbar manhaja a kan SSD, a bar faifai mai juyawa ya zama rumbu. Kafin a biya kuɗin na hannu, a nemi a buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta mai nuna lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki. Awa 30,000 ta haura shekara uku ba dare ba rana. Mai shagon da ya ƙi a duba ya riga ya ba da amsa.

Sai akwatin wuta, wanda ba mai tambayarsa. A garin da lantarki ke ɗaukewa ba sallama, janareto ya karɓa da fizga, akwati mara suna na iya tafiya da allo da faifai a dare ɗaya. Da yawa daga kwamfutocin ofis na Dell da HP da ake shigowa da su suna da mahaɗar wuta irin tasu ta daban, in akwatin ya ƙone sai an nemo irinsa sak. Idan kuɗi ba su isa i7 da UPS tare ba, ni i5 zan ɗauka da UPS ɗin.